Daga Ganuwar Kabi Zuwa Ramin Nukiliya: Wa Ake Bari a Waje?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin gidan tarihi da mu ba mu da shi a nan, wato ramin ɓuya na yaƙin nukiliya. Gine-gine ne da gwamnatoci suka haƙa a asirce a ƙarƙashin ƙasa zamanin Yaƙin Cacar Baka, domin shugabanni su shige ciki idan bam ya faɗo. Yau da yawansu sun tashi daga aiki. An buɗe wasu ga jama'a, mutum ya sayi tikiti ya sauka ƙasa ya ga ƙofofin ƙarfe, da tsofaffin wayoyin tarho, da taswirorin yaƙin da Allah bai sa an yi ba. A Mosko akwai wanda zurfinsa ya kai mita 65, an mayar da shi gidan tarihi a 2006. A Kanada akwai wani mai hawa huɗu a ƙarƙashin ƙasa, a ƙauyen Carp kusa da Otawa, ana ce masa Diefenbunker.

To amma kada ka ce wannan zance bai shafe ka ba. Muna da ɗan'uwan waɗannan wurare a kwarin Rima. Idan ka tashi daga Birnin Kebbi ka yi tafiyar kamar kilomita 50, za ka isa Argungu, inda Gidan Tarihin Kanta yake dab da babbar kasuwa. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, kuma daga cikinta aka gudanar da yaƙin kare kai na shekaru masu yawa. Sarakuna sun zauna a ciki har 1942, sannan aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi ranar 1 ga Yuli, 1958. Ka lura da wannan shekara. Shekara ɗaya bayan Argungu ta jingine makamanta a bango don yara su zo kallo, wato 1959, Kanada ta fara haƙa nata ramin.

Duk wani ginin tsaro, na laka ne ko na kankare, amsa ce ga tambayoyi uku: me ake tsoro, kwana nawa za a iya jurewa a ciki, kuma wa za a bari ya shiga. Idan ka riƙe waɗannan ukun, za ka iya karanta Argungu da ramin Kanada kamar yadda ake karanta littafi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai mun fara da yadda aka yi Argungu ta zama sansani.

Yadda Kabawa suka koma Argungu

Sunan gidan tarihin ya samo asali ne daga Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya kawo labarin yadda Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan yaƙin Agadas, saboda saɓani kan rabon ganima. Wanda ya ɓata da babbar daula irin Songhai kuwa ya san za a biyo shi, don haka Kanta ya zama magini. Babban birninsa, Surame, an kewaye shi da ganuwar dutse da jar ƙasa, abin da ba kasafai ake gani a ƙasar Hausa ba, inda tubali ya fi yawa. Kufan Surame yana nan a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato. Gwamnatin Najeriya ta ayyana shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964.

A farkon ƙarni na 18 sarautar ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, ya ci gaba da yaƙi daga wasu garuruwa har aka kashe shi. Magajinsa Sama'ila Karari ya kafa sansani a Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Bayan shekaru 18, a 1849, Nabame ya dawo Argungu ya sake ɗaga tutar Kabi, tare da goyon bayan Arawa da Zabarmawa da Dendawa. Daga wannan shekara har zuwan Turawa ba a sake cin Argungu da yaƙi ba.

Kowane ɓangare yana da yadda yake ba da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe, kuma jikokin ɓangarorin biyu yau maƙwabta ne, surukai ne, 'yan jiha ɗaya ne. Abin da ya dame mu a nan shi ne lissafin tsaron: ta yaya ƙaramin gari ya tsaya tsakanin Sakkwato da Gwandu fiye da shekara 50?

Tambaya ta farko: me ake tsoro?

Kayan da ke cikin Gidan Tarihin Kanta za su ba ka amsa. Akwai masu, da takubba, da kwari da baka, da bindigogin gargajiya, da tambura, da layu. Duk makamin da ke nan sai mai shi ya zo kusa da kai kafin ya cuce ka. Babban abin tsoro a lokacin shi ne barade, wato mayaƙa a kan dawakai, manyansu sanye da sulke, dokin kuma an lulluɓe shi da lifidi don kibiya ta maƙale a audugar.

Ganuwar ƙasar Hausa an tsara ta ne daidai da wannan barazana. Gindinta mai faɗi ne, tana sirancewa zuwa sama, don nauyinta ya zauna daram. A waje akan haƙa gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta yi kauri, doki ya rasa wurin sukuwa. Daga ciki akwai badala inda 'yan baka ke tsayawa. Ƙofa kuma ƙunci gare ta, sau da yawa a lungume cikin ganuwar, ta yadda mai kawo hari zai sha kibiya daga dama da hagu kafin ya taɓa ƙyaure. Argungu tana da ƙarin gata guda: fadamar Gulbin Kabi. Da damina ruwa kan malale ta, ƙasa ta yi taɓo, doki mai ɗauke da sulke ya zama kaya. Kabawa kuwa mutanen ruwa ne, sun san mashigai, suna da jirage.

Laka ma ba abin rainawa ba ce. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da sojojin Ingila suka buɗe wa ganuwar Kano wuta da igwa, harsasan ba su yi mata wata ɓarnar kirki ba, don ƙasa mai kauri shanye bugu take yi maimakon ta tarwatse. Sai da suka juya kan ƙofa suka fasa, suka shiga ta Kabuga.

Yanzu ka sauko ramin Kanada. Abin da maginansa ke tsoro ba ya zuwa a kan doki. Bam ɗin nukiliya yana kisa ta hanyoyi huɗu. Da farko walƙiyar zafi da ke ƙona fata da tayar da gobara a nesa. Sai guguwar iska mai rusa gini. Sai tiriri, wato wasu haskoki da ido ba ya gani amma suna ratsa jiki su lalata ƙwayoyin halitta. Na huɗu kuma ƙurar nukiliya: idan bam ya fashe kusa da ƙasa, yakan zuƙi ƙasa da tarkace zuwa sama, su cakuɗe da burbushin bam ɗin, iska ta kwashe, su riƙa saukowa a hankali suna fitar da tiriri a duk inda suka sauka.

Dubi yadda aka tari guguwar. Mashigar Diefenbunker dogon rami ne da ya ratsa tudu, buɗe ta gaba da baya, ƙofar ginin kuma tana gefe a tsakiyarsa. Idan guguwa ta shigo sai ta wuce ta fita ta ɗaya bakin, ba ta daki ƙofar kai tsaye ba. Manyan injinan ciki kuma an ɗora su a kan sifirin don girgiza kada ta karya su. Wanda ya san ƙofar ganuwa zai gane dabarar nan take: kada ka bari ƙarfin abokin gaba ya same ka fuska da fuska.

Maganin tiriri kuwa, abin mamaki, shi ne dai ƙasar da kakanninmu suka yi ganuwa da ita. Mafi ratsawa cikin haskokin da ƙurar ke fitarwa shi ne wanda masana ke kira gama. Kowane santimita 9 na dannanniyar ƙasa yana rage ƙarfinsa da kusan rabi. Kankare santimita 6 yana yin haka, dalma kuwa kamar santimita 1. Yi lissafin da kanka: rabi, sai rabin rabi, haka har sau goma, za ka ga saura kashi ɗaya cikin 1,024. Ke nan ƙasa mai kaurin santimita 90, wadda ba ta kai mita ɗaya ba, tana tare kusan duka. Wannan ne ya sa ake binne ramukan. Kada dai ka ɗauka tsohon soro ya zama mafakar nukiliya. Ƙurar a kan rufi take sauka, tana shiga ta ƙofa da taga, kuma guguwar bam ba ta barin ginin laka a tsaye. Abin da lissafin ke nunawa shi ne yawan abin da ke tsakaninka da haɗari shi ne kariya, ko kibiya ce ko tiriri.

Tambaya ta biyu: kwana nawa?

Ganuwa ba ta cin yaƙi, lokaci take saya. Mai kawo hari yana da iyakar zamansa. Yaƙi a ƙasar Hausa aikin rani ne, domin yawancin dakaru manoma ne. Da hadari ya fara haɗuwa hankalin kowa ya koma gona, ga dawakai na buƙatar harawa, ga guzuri na ƙarewa. Na cikin gari aikinsa ɗaya: ya fi na waje haƙuri. Shi ya sa manyan birane ke kewaye fili fiye da gidajensu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Rijiyoyi, da kududdufai, da rumbuna, duk makamai ne. A Argungu ga kifi ga shinkafar fadama.

An gwada wannan lissafi a farkon shekarun 1890, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya haɗa runduna ya nufi Argungu zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915. Rundunar ta koma ba ta ci garin ba. Wannan yaƙi ya bar baya da ƙura har a Kano: bajintar da Galadiman Kano Tukur ya nuna a can tana cikin dalilan da suka sa Sarkin Musulmi ya naɗa shi Sarkin Kano a 1893, naɗin da ya haddasa Yaƙin Basasa.

Ramin nukiliya shi ma lokaci yake saya, sai dai abokin jiransa kimiyya ce, ba damina ba. Ƙurar nukiliya cakuɗe ce ta sinadarai da yawa, kowanne da saurin mutuwarsa. Masana suna auna wannan da abin da za mu kira rabin rai, wato tsawon lokacin da rabin sinadarin ke ɗauka kafin ya rikiɗe ya huce. Na ayodin-131 kwana 8 ne. Na siziyam-137 kusan shekara 30. Da yake masu gajeren rai su ne suka fi zafi da farko, tiririn ƙurar yana faɗuwa da sauri. Akwai ƙa'idar bakwai da goma: duk lokacin da sa'o'in da suka wuce suka ninka sau bakwai, tiririn yana raguwa sau goma. In ka auna shi awa ɗaya bayan fashewa, to bayan awa 7 saura kashi ɗaya cikin goma, bayan awa 49 kashi ɗaya cikin ɗari, bayan mako biyu kashi ɗaya cikin dubu. Daga nan aka samo tsawon zaman. An tanadi Diefenbunker da abinci da ruwa da matatar iska na kwana 30. Bayan haka sai a buɗe ƙofa a fito, a ga abin da ya rage na ƙasar.

Tambaya ta uku: wa zai shiga?

A nan ne gine-ginen biyu suka rabu, kuma a nan ne ya kamata ka fi tsayawa.

An gina Diefenbunker tsakanin 1959 da 1961 don mutum 535: firayim minista, da gwamna janar, da wasu ministoci, da hafsoshi, da ma'aikatan da za su riƙe gwamnati. Akwai ɗakin watsa labarai na gidan rediyon ƙasa, akwai ƙaramin asibiti, har da taskar da aka gina don ajiye zinaren babban bankin Kanada. Wurin matan aure da 'ya'yan waɗanda za su shiga kuwa, babu. Al'ummar Kanada a lokacin ta kai miliyan 18. A Amurka ma an ɓoye irin wannan rami a ƙarƙashin wani otal mai suna Greenbrier don 'yan majalisar dokoki, ba a sani ba sai da jaridar Washington Post ta tona a 1992. Hujjar masu tsarin ita ce in gwamnati ta mutu babu mai tattara waɗanda suka tsira. Hujja ce mai ma'ana. Amma ka tsaya a gaban taskar zinaren nan ka tambayi kanka me aka fi daraja. Ƙasar Suwizalan ta bi wata hanya dabam: tun 1963 dokarta ta wajabta tanadin mafaka, har ta kai kusan kowane mazaunin ƙasar yana da gurbi. Ashe zaɓi ne, kimiyya ba ta tilasta kowa ya bar talakawa a waje ba.

Ganuwa a ƙa'idarta ta kowa ce. In an buga tambarin yaƙi, mutanen ƙauyukan kusa sukan kwaso yara da dabbobi su shigo birni. Jama'a ne ke gina ta, su ne ke gyara ta bayan kowace damina, sarki da talaka a bayan katanga ɗaya suke kwana. Sai dai kada mu yi mata kwalliyar da ba ta da ita. Aikin ganuwa ba duka na son rai ba ne, akwai na tilas, akwai na bayi. Wanda ƙauyensa ke nesa kuma, ko labari bai iso shi da wuri ba, shi ne ake ƙone wa rumbu, shi ake kamawa. Argungu ta tsira, amma garuruwa da ƙauyuka masu yawa na ɓangarorin biyu sun ƙone a waɗannan shekaru, na ƙasar Gwandu ma sun ɗanɗana a hannun mayaƙan Sama'ila. A gidan tarihin za ka ga kaburburan sarakunan Kabi. Manomin da aka tarar a gona ba shi da kabari a wurin.

Lokacin da ƙurar ta biyo iskar hunturu

Wataƙila ka ce, to ai mu ba mu shiga rigimar nukiliya ba. Mun shiga, a matsayin waɗanda ke waje.

Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai kamar kilotan 70, wato ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima a 1945 fiye da sau huɗu. Daga Reggane zuwa Argungu ya ɗan haura kilomita 1,500. Ka san kuma abin da iska ke yi a watan Fabrairu: daga Sahara take busowa, ita ce ke kawo mana hazon da ke shiga ido da hanci. Wata taswirar sojan Faransa da aka fito da ita fili a 2014 ta nuna burbushin wannan gwaji ya bazu a kan babban yanki na Afirka ta Yamma cikin 'yan kwanaki, har ya kai kudancin Turai. Nisa yana tsarma ƙura, kuma waɗanda suka fi cutuwa su ne mazauna kusa da wurin da sojojin da aka ajiye a can. Amma babu wanda ya nemi izinin manomin Kabi ko makiyayin Azbin kafin a yi.

Duniya ta riga ta san haɗarin. A ranar 1 ga Maris, 1954, gwajin Amurka a tsibirin Bikini, mai ƙarfin megatan 15, ya zubar da farar ƙura a kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Duka suka kamu da ciwon tiriri, ɗaya ya rasu bayan wata shida. Masunta ne kamar na Matan Fada, sun fita neman kifi.

Faransa ta yi gwaji huɗu a sararin Reggane, da wasu 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker, har zuwa 1966. Bayan na uku, wanda aka yi a ƙarshen Disamban 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ɗauki matakin da ya girgiza kowa. A Janairun 1961, wata uku kacal da samun 'yancin kai, Najeriya ta kori jakadan Faransa, ta hana jiragen sama da na ruwan Faransa shigowa. Ƙasar da ba ta da rami ko ɗaya, abin da ya rage mata shi ne ta hana a kunna wutar tun farko.

Abin da ya ritsa da ganuwa da rami

Kowane ginin tsaro yana da ranar tsufansa, ranar da makami ya wuce lissafin magini. Ganuwa ta gamu da igwa da bindiga mai jigida. Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓi Turawan Ingila a 1902 ba tare da yaƙi ba, kuma daga Argungu wani ɓangare na rundunarsu ya tashi zuwa Sakkwato, wadda ta faɗi ranar 15 ga Maris, 1903. Cikin 'yan shekaru ganuwoyi suka zama wurin ɗibar ƙasa.

Ramukan nukiliya ma tun ana gininsu suka fara tsufa. An tsara su ne da tunanin jiragen sama masu ɗaukar bam, waɗanda ke ba da sa'o'i na shiri. Makamai masu linzami da ke tsallaka nahiya suka rage wannan zuwa kamar minti 30, kuma saitinsu ya yi ta ƙaruwa. A Oktoban 1961, shekarar da aka gama ramin Kanada, Tarayyar Sobiyet ta gwada bam mai megatan 50, alhali ramin an yi shi ne don ya jure megatan 5 da ya faɗi nesa da shi da kusan kilomita biyu. An rufe shi a 1994, ya zama gidan tarihi a 1998.

To me ya kawo zaman lafiya, tunda gini bai kawo ba? A Kabi an taɓa ɗanɗana shi tun kafin Turawa: yarjejeniyar da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ta tsayar da yaƙi na kusan shekara takwas, har zuwa 1875. Turawa sun hana faɗa da ƙarfin bindiga, amma gabar ba ta mutu ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka da ƙafarsa zuwa Argungu, Kabawa suka tarbe shi da gagarumin su a gulbi. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yau, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban mutanen da kake gani suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, bikin sulhu suke yi, ko sun tuna ko sun manta.

A duniya ma haka aka yi. Bayan rikicin Kyuba na Oktoban 1962, lokacin da Amurka da Sobiyet suka kai bakin rami, a 1963 suka ja layin sadarwa na kai tsaye tsakaninsu, suka kuma sa hannu tare da Ingila kan daina gwaji a sararin sama da cikin teku. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida, ta kwance su da kanta. A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Alƙahira kan Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta ƙera makamin nukiliya ko gwada shi ko girke shi a nahiyar, ta fara aiki a 2009. Makaman dai ba su ƙare ba. Har yanzu akwai fiye da 12,000 a hannun ƙasashe tara.

In ka tashi zuwa

Ka je da yaranka ko ɗalibanka, kuma kada ku tsaya a ɗaukar hoto da takobi. Ku auna kaurin bango da hannu. Ku tambayi mai zagayawa da baƙi wane makami ne na barade, wanne ne na dakaru. Ku fita ku dubi fadama, ku kwatanta yadda take a watan Agusta, ku ga ko doki zai ƙetare. A Birnin Kebbi kuma ku nemi dattawan tsohon gari su nuna muku inda ganuwa ta bi da sunayen ƙofofinta, ku rubuta, ku naɗi muryoyinsu a waya.

Wannan na ƙarshen da gaggawa yake. Ramin kankare zai iya shekara ɗari babu mai kula da shi ya tsaya. Ginin laka in ya rasa yaɓe damina kaɗan ta ishe shi, gara na cin azara, tsatsa na cin mashi, fatar tambari na bushewa ta tsage. Surame tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 tana jiran tantancewa, ruwan sama kuma ba ya jira.

Tambayoyin nan uku ba su tsufa ba. A wannan yanki namu yau akwai ƙauyukan da ke haƙa rami su kewaye kansu saboda 'yan bindiga, akwai kuma unguwannin da ke ƙara tsawon katanga da waya mai ƙaya. Duk lokacin da ka ji an ware kuɗi don tsaro, ko a majalisa ko a taron unguwa, ka tambaya me ake tsoro, kwana nawa abin zai riƙe, sannan ka nemi a faɗa maka ƙarara su wa za su kwana a waje.